Ganyen Darbejiya a Titin Rigachikun

Iyayena da 'yan'uwana, ina gaishe ku cikin sunan Yesu, wanda ya bar ni da rai har na tsaya a gabanku. Sunana Rifkatu, daga Unguwar Rimi. Har yau abin da zan faɗa muku bai sake ni ba.

A daminar da ta wuce na kai Babana asibiti a Zariya. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye ba ya iya takawa, sai an ɗauke shi. Muna dawowa da la'asar, daidai Rigachikun, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Nan take kowace mota ta kunna dabul sigina, fitilun nan masu ƙiftawa hagu da dama. Kun san halinmu a garin nan: da an fara ruwa sai kowa ya kunna, ya ci gaba da gudunsa.

Sai motata ta mutu a tsakiyar titi. Na murɗa makulli, shiru. Na danna dabul sigina, tunda don irin wannan ranar aka yi ta. Na duba madubi. Titi gaba ɗaya ƙiftawa yake. Wa zai gane ni a tsaye nake?

Motoci sai sun zo gab da mu suke kaucewa. Na fita cikin ruwan, na buɗe ƙofar baya, na kama Baba na ja, na kasa ɗaga shi.

Ya ce, "Rifkatu, bar ni. Hau gefen titi, kina da yara."

Na ce, "Baba, ba inda zan je."

Na rungume shi na ce, "Yesu, ba ni da ƙarfi, ba ni da dabara. Ka sa a gan mu."

Ina ɗago kai na hango tankar mai ta taho. Na rufe ido. Na ji kukan birki, dogo, kamar ba zai ƙare ba. Da na buɗe ido, ga ta tsaye daf da bayan motata.

Direban ya sauko. Ya ce, "Wallahi baiwar Allah, na ga wutarki, na ɗauka tafiya kike kamar kowa. Ganyen can na gani na taka birki."

Ashe wani manomi ne da ke dawowa daga gona ya hango mu. Ya sari rassan darbejiya, ya ruga cikin ruwan yana jera su a titi can bayanmu. Shi da direban suka tura mu gefe. Ya leƙa ya ce, "Allah ya ƙara sauƙi, Baba," ya saɓa addarsa ya wuce. Ko sunansa ban tambaya ba.

'Yan'uwa, ku dogara ga Ubangiji, yana jin kukan da babu mai ji. Kuma ina roƙonku, in ruwa ya same ku a hanya, ku kunna fitilar gaba ku rage gudu. Ku bar dabul sigina ga wanda ya tsaya, ita kaɗai ce bakinsa.

Na gode wa Yesu. Ku waiwaya benci na ƙarshe, ga Baba can yana ɗaga muku hannunsa mai lafiya.