Ƙarshen Labarin Jimina Mai Takalmi

A Ƙofar Wambai, wani malamin makaranta ya tsaya gaban wata tsohuwa mai daddawa.

"Iya, na san muryar nan. Ba ke ce mai ba jikoki labarin jimina mai takalmi a Yakasai ba?"

"Au, laɓe kake mana?"

"Ta bayan katangarku nake wucewa. Littafin yara nake rubutawa, kaina ya toshe, labarinki ya buɗe shi. Allah ya saka da alheri. Amma yaya ƙarshen yake?"

"Wa ya sani? Kullum barci ke kwashe su kafin in kai."

"To yaya zan yi?"

"Kai ka ƙarasa, Malam, ka zo ka karanta mini. Ni ma na matsu in ji inda jiminar nan ta nufa."