Tsarabar Masunci

A unguwar Mansur ta Makka, ƙofar shagon mai kayan Jidda, na tarar da wani magidanci yana jujjuya kwarkwaron fatsa guda biyu, irin mai hannun naɗe zare. Wani dattijo ya tsaya kansa.

"Bawan Allah, a wane kogin Makka za ka jefa wannan?"

"Tsaraba ce, Baba. Gobe alhazan Yawuri za su tashi, su kai wa mahaifina. Babban zan ɗauka."

"Me yake kamawa?"

"Giwan ruwa! Shi kaɗai yake jawo ta cikin kwalekwale."

"Babban kwarkwaro sai zare mai kauri da damtse mai ƙarfi. Ƙaramin na siririn zare ne, ƙarfasa ba ta ganinsa, mutum yana zaune a gaɓa zai samu na miya. Yaushe rabonka da tsohon?"

"Tun da na taho a ƙasa. Shekara ashirin da uku."

"Ɗayyib, to madalla. Tsufa ba ya sallama, ɗana. Ni ma na ja giwan ruwa a Argungu. Dubi hannuna."

Hannun yana rawa. Magidancin ya daɗe yana kallonsa.

"Mai shago, ƙunshe mini ƙaramin."