Tazarar Layi Ba Kwalliya Ba Ce

Shugaban taro, shugabar makarantarmu, malamai abokan aikina, iyaye da kuka bar sana'o'inku kuka zo, ɗalibai ƙannena, assalamu alaikum. Na gode da wannan dama, amma ku yi mini haƙuri, yau raina a ɓace yake.

Da yawanmu mun ɗauka tazarar da ke tsakanin layi da layi kwalliya ce kawai. A wasiƙa, wataƙila. Amma a littafin koyon rubuta manhaja, inda ɗalibi ke kwafe umarni harafi bayan harafi ya ba kwamfuta, wallahi ba kwalliya ba ce.

Na farko, ga abin da ya faru. Mai tsara littafinmu ya so kowane misali ya tsaya a shafi ɗaya, sai ya matse layuka har suka hau kan juna. Ɗan karan nan da muke ja a ƙasa don haɗa kalma biyu ya nutse cikin layin da ke biye. A takarda babu shi!

Muna da ɗaliba, tela ce mai 'ya'ya uku, Anti muke ce mata. Mako biyu tana kwafe shafi na goma sha bakwai, kwamfuta tana ƙi. Rannan ta dire mini littafin a tebur, ta ce, "Malam, bar ni da kekena. Kan nan ya tsufa." Na ce, "Haba Anti, ke da kike zura zare ba tabarau?" Ta ce, "Ai ita allura ba ta ɓoye mini kafarta." Ta fice.

Jama'a, matar nan ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. Mu muka matse, mu muka buga, mu muka raba, ita kuma ta koma gida tana zargin kanta!

Na biyu, gyaran. Kada a cusa layukan wofi a tsakani, lambobin layi za su rikice. A saitin misalan kaɗai za a ƙara tazara, a buga gwaji, a duba da ido. Shafi ya ƙaru? To ya ƙaru mana!

Jiya na sami Anti a shagonta, na gaya mata laifin littafin ne. Ta ce sai ta ga karan nan da idonta za ta dawo. Shugabar makaranta, ina roƙon a sake buga littafin kafin Litinin. Ku kuma ƙannena, ku gwada da kanku: ku buga layi goma a matse, goma a sake, ku ba wani ya kwafa, ku tsaya ku kalli fuskarsa.

Allah ya dawo mana da Anti aji, ya mayar da kowa gida lafiya. Na gode.