Waƙar Dakan Inna a Bakin Wani

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, sannu da aiki. Sunana Nasiru, mutumin Gumel, ina karatun digiri na uku a Kuala Lumpur.

Shekara uku mu huɗu muna da ƙungiyar kiɗa a unguwar Wangsa Maju. Kiɗan rok muke yi, irin mai tsawon nan da waƙa ɗaya ke yin minti goma tana sauya salo. Ni ke buga ganga, Azlan, ɗan ƙasar nan, ke kaɗa jita. Wata rana na rera masa waƙar da marigayiya Innata take yi in tana daka. Ya ce mu ɗora kiɗa a kanta, na yarda, don ɗan'uwa na ɗauke shi.

Bara ya bar mu, wai zai tsaya da ƙafarsa. Muka yi masa fatan alheri. Makon jiya ina cin abinci a shagon mamak, irin gidajen abincin nan na bakin titi, sai ga waƙar Inna a rediyo a bakin Azlan, an datse ta, an sa mata kalmomin harshen Malay. Da aka yi hira da shi, ya ce a mafarki ta zo masa.

Na kira shi na ce, "Azlan, waƙar uwata ce fa."

Ya yi dariya, ya ce da irin salon maganarsu na nan, "Kwantar da hankalinka lah, waƙar ƙauye ba ta da mai ita."

Malama, tana da mai ita. Sunanta Hajara, da hannuna na sa ta a kabari. Sunan nan kaɗai nake so ya ambata, ya ƙi. Masu sauraro, in kai ƙara ne, ko in bar shi da Allah?

A gaishe min da yayata Bilki a Gumel. Har yau na kasa gaya mata.