Na Bar Sukari, Na Ƙara Malmala

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki, ya iyali? Sunana Malam Hudu, daga Kausani ta Wudil.

Da daɗewa na ji ana faɗa a majalisa wai tuwo in ya shiga ciki sukari yake komawa. Na yi dariya, na ce abin da nake ci da miyar kuka tun ina yaro, ina zaƙin yake?

Da aka ce ina da ciwon sukari, na daina sa sukari a shayi, na koma tuwon alkama, don an ce shi ne namu. Tunda a ganina magani ne, malmala biyu ta zama uku. Mai ɗakina ta ce, "Malam, wannan jinya ce ko walima?" Na ce ta ƙaro miya.

Yanzu ga miki a yatsan ƙafata tun girbi, ya ƙi warkewa. A asibiti an ce alkama ma tana tayar da sukari in an cika, in rage tuwo, in yawaita ganye da wake. Wallahi na gaji, kwano ya zama abin tsoro.

Don Allah ki tambayar mini likitan shirinku, tuwo nawa zai riƙe manomi bai cuce shi ba? Maganar majalisa dai na yarda da ita. Wanda ya faɗa mini a ƙarshe aminina ne, Garba na Achika, ranar da na je duba shi bayan an yanke masa ƙafa.