Farar Rigar Auta

A shagon tela, wani dattijo yana duba farar rigar likita da aka gama ɗinkawa. Wata mata na zaune a benci da ƙunshi a cinya.

"Baba, likita gare ku a gida?"

"Autata ce. Bana za ta gama sakandare, sai babbar jami'ar nan."

"Har sun ɗauke ta?"

"Sun isa su ƙi? Kullum ita ke zuwa ta ɗaya."

"Ai duk mai nema can na ɗaya ne a makarantarsu. Nawa yaron ma haka yake, bara suka bar shi."

"Na ɗaya? Suka bar shi? Innalillahi!"

"Wallahi. Wace jami'a ta sa a zaɓi na biyu?"

"Ta so ta sa wata, ni na hana. Na ce raina kai ne."

"Subhanallahi! An rufe nema?"

"Tuni."

Ya naɗe rigar a hankali. "Ke 'yar nan, me kika kawo ɗinki?"

Ta kwance ƙunshin. "Irin taka ce, Baba. So nake a mayar min da ita rigar filo."