Gibin Haraji a Albashin Direba

A kan bencin jira na ofishin haraji, wani direba ya juyo wajen matar da ke gefensa.

"Baiwar Allah, ji wani zalunci. Akawun kamfaninmu ya yi ta cire mini haraji ƙasa da ƙa'ida, yanzu wai ni zan cike gibin. Ni na yi lissafin?"

"Amma ai aljihunka kuɗin suka shiga, Malam. Da ka ga albashi ya yi kauri, ka tambaya?"

"Na ɗauka ƙari aka yi mini."

"Ka lura ke nan, ka yi gum."

"Ke me ya kawo ki, da kike kare su haka?"

"Gidan burodi gare ni. Akawuna ma haka ya yi. Na zo in ji ko zan iya cirewa daga albashin ma'aikatana. In ni kaɗai zan biya, sai dai in rufe gidan."

"Sun sani?"

"Ƙarshen wata za su sani."

Aka kira ta, ta miƙe.

"Ni ma ƙarshen wata na sani," in ji direban, "mai gidan haya na tsaye a ƙofata."